Akushin da Kaka ke Kaiwa Bayan Labule

Ƙamshin man shanu ne ya tare ni jiya a bakin ƙofar jami'a, wajen wata mai saida tuwo. Na tsaya cak, kamar an kira ni da sunan yarinta. Kafin in ankara na koma Dakoro, gidan kakata ta wajen uba, lokacin da damina ta zauna, ƙasa na ta da tururi bayan ruwan safe.

Ran kasuwa tun hantsi garin ke cika da kukan shanu da raƙuma. Cikin wannan hayaniya wata Bafillatana kan shigo gidanmu da ƙwaryar nono a ka, awarwaro na ƙara a hannunta. Ƙawar kaka ce tun ba a haife ni ba. Takan kawo wa kaka man shanu a ƴar ƙwarya, kaka kuma ta aje mata gyaɗa da kuka. In suka fara tsokanar juna, sai ka rantse faɗa suke. Kaka ta kira ta mai bin wutsiyar saniya, ita kuma ta kira kaka mai kwana da hauya.

Amma da an sauke tuwon rana, sai kaka ta share ɗakinta, ta shimfiɗa tabarmar da ba mai taka ta a cikinmu, ta zuba miya mai nama a akushi, ta kai ƙawarta ciki, ta saki labule. Mu kuwa, mata da yara, mu kewaye babban kwano a inuwar itacen bedi, ana ci ana shewa. Na taɓa tambayar dalili. Kaka ta ce Fulani kunya gare su, ba su cin abinci gaban mutane, kuma wannan ita ce karramawa. Kowa a gidan ya yarda da haka.

Sai wata damina matar ta daina zuwa. Kasuwa ta ci, wata ta ci, shiru. Daga baya matar kawuna ta zo da labari: an gan ta gidan maƙwabta, hannunta cikin kwano ɗaya da matan gidan, tana dariya har da riƙe ciki. Kai, ranar kaka ta yi faɗa! Ta ce butulci ne, ta ce ko uwarta ce ta taso ba za ta yi mata fiye da haka ba.

Bayan faɗan sai ta shiga tunani. Ina ganinta har yanzu, zaune bakin rumbu da la'asar tana ɓare gyaɗa, kaji na yawo tsakanin ƙafafunta, tana magana ƙasa-ƙasa. Wata rana na ji ta ce, ba da kowa take ba: "To, wa ya hwaɗa mini tana son labule? Ita ta hwaɗi, ko ni na hwaɗa ma kaina?"

Washegari ta yi abin da ya ba mu mamaki. Ta sa aka kai mata tuwonta ɗaki, ta zauna kan tabarmar nan, ta saki labule. Mu muka ci namu a waje kamar kullum. Da ta fito, tuwon na nan ba ta taɓa ba, idonta jajir.

Ran kasuwa ta ja hannuna muka je rumfar masu nono. Tsohuwar nan da ba ta ba kowa haƙuri, ta tsuguna gaban ƙawarta ta ba ta haƙuri. Matar ta daɗe tana juya ludayi cikin ƙwarya kafin ta ɗago.

"Yaya," in ji ta, "shekara da shekaru ina jin dariyarku ta bayan labule. Kunyar da kike hwaɗi, ita ta hana ni in ce ki hiddo ni."

Ta yi alkawarin za ta zo in sun dawo daga arewa bayan girbi. Shekarar ruwa ya yi ƙaranci, makiyaya suka bi wata hanya, ba mu sake ganinta ba. Har kaka ta rasu, duk ran kasuwa takan matsa gefe wajen kwano, ta bar gurbin mutum ɗaya. Wannan gurbi har yau yana mini ciwo.

Yanzu ina aiki a jami'a, a biro, wato ofishi, mai kula da ɗalibai, cikin komitin da ke neman kada a bar kowa a baya: ƴaƴan makiyaya, makafi, masu keken guragu. Kirki dai muna da shi, wallahi. Bara muka ware musu ɗaki na musamman, da fanka da kujeru masu laushi, muka yi ta yabon kanmu. Ba wanda ya tambaye su. Da na bar wajen mai tuwo jiya, can na nufa. Na tarar ba kowa, na zauna na tura ƙofa. Tsakar jami'a na cike da gardama da dariya, ni kuma ina ji daga ciki.

Gobe komiti zai zauna. Na nemi wata ɗaliba makauniya, na roƙe ta ta zo, ta fara magana kafin kowa. Ta murza kan sandarta, sannan ta tambaye ni:

"Madam, ina za a yi zaman? Ɗakinmu, ko wurinku?"