Layin Ƙarshe na Takardar Asibiti

Wata Juma'a ce a shekarar 2015, wajen ƙarfe huɗu da rabi na yamma, a ɗakina da ke unguwar Ulaisha a Riyad. Mu uku ne: ni, da wani direban babbar mota mutumin Maraɗi, da kawunsa wanda ya kawo shi Riyad. Daga unguwar Sulay suka taso, riƙe da doguwar ambulan ta asibiti.

A lokacin ina aikin ofis a wani kamfanin dakon kaya, amma mutanenmu sun san na yi shekaru ina fassara labarai a gidan rediyo kafin in zo. Duk takardar da ta fito da Turanci, wurina ake kawo ta. Asibitin da direban ya je kuwa da Larabci suka yi masa magana, sakamakon suka rubuta da Turanci, don likita ne ke rubuta wa likita.

Direban ya daɗe yana fama da ciwon kai, har aka yi masa hoton da ake kira CT. Likita ya yi masa bayani a gurguje. Shi kuma Larabcinsa na hanya ne da wurin lodi, bai tsinci komai ba sai cewa ya dawo. Ranar Talata zai tafi hutun wata uku. Kafili, wato ubangidan da ya ɗauki nauyin zamansa a ƙasar, ya riga ya sa hannu, kuma shekara huɗu rabonsa da gida.

Na karanta sau biyu. An ga wani abu a cikin kansa, ba a san ko mene ne ba. Layin ƙarshe ya ce a yi MRI ba tare da jinkiri ba. Haruffa uku ne tsirara, babu bayani, kamar yadda ake rubuta su ga wanda ya riga ya sani. Ni na sani. A rediyo mun taɓa cinye rabin yini muna gardamar yadda za a faɗe su da Hausa, muka tsaya a kan hoton maganaɗisu, wanda ke nuna abin da ya ɓuya wa sauran hotuna.

Kawun ba ya karatun boko, amma ya ga yadda na koma farkon takardar. Ya ɗora hannu a gwiwata, ya danna. Na gane. A wurinmu ba a faɗa wa mara lafiya magana mai nauyi a kan idonsa, babba ake ja gefe.

Direban yana ta barkwanci, wai ko an gano kan nasa fanko ne kamar yadda Kawu ya sha faɗa. Kawun ya ce wannan ai ba sai an sa na'ura ba. Muka yi dariya. Sai direban ya gyara zama.

"Malam, kai ka iya karatun nan. In tafi ko in tsaya?"

An horar da ni kada in faɗi abin da ba a tabbatar ba. A nan na fake.

"Ba su tabbatar da komai ba," na ce. "Suna so a ƙara wani hoto."

Babu ƙarya ko ɗaya a ciki. Maganar jinkirin kawai na cire, kuma na san ita ce labarin. Da wani ƙaramin ma'aikaci ne ya kawo mini fassara irin wannan a ɗakin labarai, da na mayar masa da ita.

"To, in na dawo ke nan," in ji shi, ya mayar da takardar cikin ambulan.

A kan matakala, da direban ya yi gaba, na faɗa wa kawun komai. Ya ce a bar yaron ya je ya ga 'ya'yansa da kwanciyar hankali, zai sa a kai shi asibiti a can. Na ce to. Ban tambaye shi wane asibiti ba, ban kuma karɓi lambar direban ba, alhali kwana huɗu suka rage, kuma Sulay ba nisa.

Ba a kai shi ba. Ya cinye hutunsa ya dawo, aka yi masa MRI bayan wata huɗu. A lokacin idonsa na hagu ya daina gani, bai kuma ƙara tuƙi ba.