Yahya Balarabe, Mai Gyaran Bidiyo na Jurf

Daga Allah muke, kuma gare Shi makomarmu take. Ranar Talata, 14 ga Sha'aban 1425, bayan sallar azahar, ɗanka Musaddiq ya buga mini waya daga asibiti ya ce, "Ammi Abdussamad, Abuya ya cika," wato, "Baffa Abdussamad, babana ya rasu." Yahya, aka yi maka salla a Harami, masallacin Manzon Allah, muka raka ka maƙabartar Baƙi'a. Na dawo gida na zauna, na rasa wanda zan kai wa kukana, domin tun ƙuruciyarmu kai nake kai wa.

Mutanen unguwar Jurf sun san ka da gyaran talabijin da bidiyo. Sun san tsohuwa ba ta komawa gida da rediyonta a mace, kuma baƙon da ya sauka daga Chadi ko Sudan bai san kowa ba, shagonka ake nuna masa, ya sha shayi, ka nema masa aiki. Ni kuwa na san ka da wani abu ƙari, wato son tsofaffin finafinan samurai, mayaƙan takobi na ƙasar Japan. Wani injiniya da kuka yi aiki tare a garin Yanbu ne ya bar maka kasakasan bidiyon cikin kwali da zai koma gida. Ba launi, ba fassara, hoton duk ya cinye. Haka ka kalle su har ka fahimci labarinsu, kana mayar mana da shi Hausa. Yaranmu da ba sa amsa mana sai da Larabci kan yi tsit su saurare ka.

Shekarar da matata Fatna ta rasu na rufe ƙofa, na daina fita sai masallaci. Ba ka yi mini wa'azi ba. Kowace Alhamis bayan la'asar sai ka zo da bidiyo a hammata, ka haɗa waya, ka zauna kusa da ni. Ka ce, "Dubi mutanen nan, ba sa yawan magana, amma ana ganin abin da ke cinsu." Da haka ka fito da ni cikin mutane.

Akwai wani fim da muka daɗe muna gardama a kansa. Wani tsohon mayaƙi ya tsaya bakin kogi bayan an gama yaƙi. Kai ka ce kuka yake yi, ni na ce lalacewar kaset ce kawai. Da ka ji an fara wanke irin waɗannan finafinai ana fitar da su a faifan DVD, hoto tar kamar jiya aka ɗauka, kowa zai tafi Jidda sai ka ba shi saƙo. Kana cikin jira ciwon sukari ya shiga idonka.

Bana, a watan Rajab, 'yarka Hanan ta samo faifan. Ka aika a kira ni. Na tarar ka sa jallabiya sabuwa, ka matso da kujera dab da talabijin, alhali haske kawai kake rarrabewa da duhu. Muryoyin 'yan fim ɗin ne suke gaya maka inda aka kai. Da aka zo bakin kogin ka kama hannuna.

"Me ka gani, Abdussamad?"

Na duba. Ga tamojin fuskar tsohon, ga leɓensa yana rawa, ga ruwa yana gangarowa cikin gemunsa.

Na ce, "Hawaye ne, Yahya. Kai ne da gaskiya."

Ka ce, "Alhamdu lillahi. To ci gaba da gaya mini." Na yi ta gaya maka har fim ya ƙare. Daga ranar ba mu sake zama gaban talabijin ba, jikinka ya ƙi.

Ina miƙa ta'aziyyata ga maiɗakinka Hajiya Safiyyatu, wadda ta yi jinyarka ba ta taɓa gajiya ba, da Musaddiq da Hanan, da 'yan'uwanka na unguwannin Aƙiƙ da Khalidiyya. Allah Ya ba ku haƙuri, Ya ba ni nawa.

Allah Ya jiƙanka, Yahya, Ya yafe kurakuranka, Ya sa ciwon da ka sha ya zama kaffara. Ya yalwata kabarinka da haske, Ya ba ka ceton maƙwabcinka, Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi. Ya buɗe maka idanunka a gidan da ke da abin da ido bai taɓa gani ba. Amin.