Uwar Ƙullun Iya Gambo

A gidanmu na Gardole ba a fara tatsuniya sai Iya Gambo ta zauna haɗa ƙullun masar gobe. Kakata ce ta wajen uba, mutuniyar Damagaram, kuma da kaskon masa ta rene mu bayan rasuwar babanmu. Ana idar da magariba mukan zagaye murhu, mu shida. Sai ta jawo wata 'yar ƙwarya daga ƙarƙashin gadonta, ta juye ragowar ƙullun jiya cikin sabo. Shi take kira uwa. In ba uwa, ƙullu ba ya tashi, ko da kwana za a yi ana yi masa addu'a.

Tana cewa ga ta nan, mukan amsa tun ba ta rufe baki ba. Wadda ta fi zama a raina ita ce ta wata yarinya da akuya ta ɓarar musu da uwar ƙullu, aka aike ta maƙwabta ta aro. Da aka ba ta sai ta ce, ku a ina kuka samo? Aka nuna mata gidan gaba. Can ma ta tambaya, aka nuna mata na gaba. Haka ta yi ta bi gida gida, gari gari, ta ƙetare kogi bakwai, har furfura ta fito mata. A ƙarshen duniya ta tarar da wata tsohuwa, ta ce yau kam na zo tushe. Tsohuwar ta ce, “Ni? Ai wurin uwarki na aro, shekarar da tawa akuyar ta yi mini ɓarna.”

Sauran yara su yi ta dariya, ni kuwa haushi ya cika ni. “To Iya, ita ta farkon fa?”

“Ƙawata, ashe ke ce yarinyar. Allah Ya yi, kalas, shi ke nan. Miƙo mini ludayi.”

Ban musa Allah Ya yi ba, yadda abin ya kasance nake son gani. Wannan naci ya kai ni jami'a karatun kimiyyar fizik, na maƙale wa tambayar yadda abu marar rai ya fara zama mai rai. Aikina shi ne in haɗa ruwa da kanwa da ɗan maiƙo a kwalabe, in dafa su har ko ƙwayar cuta ɗaya ta mutu, in toshe. Sai in riƙa busarwa ina jiƙawa, ko 'yan ɗigon maiƙon za su girma su rabe biyu da kansu. Wani farfesa a ƙasar waje ya rubuto cewa yana da gurbi ɗaya na digirin dakta, in ya ga sakamako kafin ƙarshen damina nawa ne.

Sai malamai suka shiga yajin aiki, aka garƙame ɗakin gwaji. Na kwaso kwalabe arba'in da madubin ƙara girma na aro, na jera su a ɗakin Iya, don nan ne kawai yara ba sa shiga. Wata uku ina leƙawa, ba abin da ya motsa. Na rame, na daina cin masa, ina zama gaban kwalabe ina kuka kamar wadda aka yi wa rasuwa. Sa'o'ina duk suna da 'ya'ya bibbiyu, ni shekara bakwai na zuba a wannan hanya, kuma ban san wata ba.

Saura kwana tara wa'adin farfesa ya cika, da safe, na ga ruwan kwalabe uku ya gurɓace. Na ɗiga a madubi. Ga su nan, 'yan ƙwayoyi, kowace da ƙaramar 'ya manne a gefenta. Ilmina ya ce mini dakata ki sake gwadawa, amma wanda ruwa ya ci ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi. Na haye mashin zuwa shagon intanet a Sabangali, na aika wa farfesa cewa sun rabe.

Da na dawo na buɗe kwalba ta biyu, tsami ya bugi hancina. Na san wannan tsamin tun ina goye.

Iya na tsaye bakin ƙofa tana murmushi. “Sun tashi ko? Na ga kina ta wahala, ɗiyata. Mi zai tashi babu uwa? Bakin cokali na ɗiga miki daga ruwan samanta.”

Abin da na faɗa mata ranar ba zan rubuta shi ba. Tsohuwar da ta goya ni, na ɗaga mata murya har maƙwabta suka leƙo. Washegari na koma shagon na rubuta gaskiya. Farfesa ya amsa da ladabi, gurbin kuma ya tafi ga wani. Na kama koyarwa a lise, wato sakandare, har yau ina can, da kwalabena a bayan aji, ba su rabe ba.

Na daɗe ina ɗauka tatsuniyar ba'a ce ga masu tambaya. Yanzu na fi ganin cewa ita yarinyar, duk tsawon tafiyarta, ba gidan da ya hana ta aro, kuma ko sau ɗaya ba ta ce an gode ba. Wannan ya fi rasa gurbin ci mini rai.

Na sha ƙoƙarin fahimtar da Iya cewa kwalaben sai babu uwa suke da amfani, abin bai taɓa shiga kanta ba. Shekara huɗu bayan haka, tana kwance ciwon ajali, ta damƙe hannuna.

“Halime, ki yafe mini. Rowa na yi, don kar ƙullun gobe ya kasa. Da cokali biyu na sa miki, da yanzu kina can.”

Na buɗe baki in sake yi mata bayani, sai na rufe. Na ce, “Ɗayan ma ya isa, Iya. Sun tashi.”