Ruwan Kwami a Rijiyar Mutane

Muna idar da sallar asuba ran Talata muka bar Magariya, ni da shofer mai tuƙi, a kamyon, babbar motar kamfanin sayen gyaɗa da nake wa aikin gyaran famfo. Saƙon da ya taso mu gajere ne: makiyaya sun ɓata famfon rijiyar da ke wurin awonmu, a wani ƙauye kusa da Guci, in je in gyara.

Hanyar Dungas rairayi ce zalla. Sau uku muka kafe, muna tono da hannu muna cusa kaba ƙarƙashin taya. Wani mai jaki da muka baɗe da ƙura tun hantsi ya cim mana har sau biyu, a na biyun ya ce, "Sannunku da hutawa." A Dungas muka sha fura da nono ta dala guda, ƙwarya cike har muka rage. Mai furar ta tambaye mu ina muka nufa. Da na faɗa mata sai ta kawo mana tulu, ta ce mu cika gorunanmu a nan, kada mu sha na can.

Bayan azahar muka isa. Ba wanda ya taho kallon mota, ko yaro ɗaya. Wata dattijuwa ce ta tare ni a bakin rijiya, ta miƙo mini ƙwarya. Ruwan kore-kore ne, da ɓurɓushin kashin shanu yana yawo a kai, ga wari.

"Ɗana, kai ne mai ƙarfen nan?"

Na ce ni ne, Inna.

"To ka sha."

Ban iya sha ba. Ta ce kwana ashirin ke nan zawo ya shiga garin, an rufe yara uku.

Bari in bayyana yadda abin yake. Mutanen garin ne suka haƙa rijiyar da hannunsu, kamfani ya sa mata inji. Injin na tura ruwa ta tiyo zuwa wani babban kwami inda dabbobi ke sha, mutane kuma suna ja da guga daga rijiyar. A tsakiyar tiyon akwai wani ƙarfe da muke ce wa kilafe, mai ɗan murfi a ciki kamar harshe. Ruwa in zai fita sai ya buɗe, in zai komo sai ya rufe. Muddin harshen nan ya maƙale, da an kashe inji duk ƙazantar kwami rijiya za ta koma.

Ni na kafa shi bara. A lokacin na roƙi Mushe, Baturen da ke kula da wuraren awon yankin, ya ba ni suminti buhu uku in gina wa kilafen ɗan ɗaki mai ƙofa, saboda rairayi da kofaton dabbobi. Ya yi dariya ya ce ƙarfe ba ya jin sanyi. Sumintin kuwa akwai shi, da idona na ga an yi wa Mushe dakalin shan iska da shi.

A bayan rumfar awo na tarar da shanu huɗu a ɗaure, haƙarƙarinsu duk a waje. Akawun kamfani ya ce na wanda ya yi ɓarnar ne, Mushe ya ce a tsare su. Mai shanun na zaune a rana kusa da su, dattijo ne mai furfura, manomi kuma makiyayi. Cikin yara ukun da aka rufe har da jikarsa.

Na gaishe shi, na yi masa ta'aziyya. Ya ce, "Malam, ni ban san sunan abin nan ba ma. An ce saniyata ta taka shi. In ta taka, a fili ta same shi."

Na je na duba. Kilafen ya nutse rabi cikin ƙasa, tiyon ya lanƙwashe. Da na kwance shi, rairayi na kwaso da hannu, harshen kuma a buɗe ya kafe. Amma ba sawun shanu ne a wurin ba. Sawun raƙuma ne da gurbin gwiwoyinsu, domin daidai nan akawu yake sa a durƙusar da raƙuman kamfani a yi musu lodin gyaɗa.

Ran Alhamis Mushe ya zo. Na kai shi wurin na nuna masa. Ya toshe hanci da hankici ya ce in gyara in tafi.

Na ce, "Mushe, ba zan ta da injin nan ba sai an gina ɗaki, an kuma saki shanun bawan Allah."

Ya ce suminti babu, kuma masu gyaran famfo suna da yawa a Damagaram. Na ce to ya aika a kira su, kafin su iso raƙumansa ɗari sai su sha haƙuri. Fuskarsa ta yi ja wur. Ya zage ni da Faransanci, zagin da na ji sarai. Ya juya ya yi wa akawu magana, aka kwance shanun. Bai dubi dattijon ba, bai tambayi gidan da aka yi rasuwa ba, ya hau motarsa ya tafi.

Da jar ƙasa muka yi ginin. Mata suka kawo ruwan kwaɓi daga tafki, maza suka jera tubali, tsawon ƙirjin mutum. Muka yi rufi da azarar giginya, na fasa tano, gangar ƙarfe, na yi ƙofa, muka kewaye wurin da ƙaya. Yini biyu muna kwarfe rijiyar kafin ruwa ya fito fari. Wannan karon da dattijuwar ta miƙo ƙwarya na sha, na ƙara. Ita na bai wa makullin, akawu yana kallo. Yini ɗaya da rabi ginin ya ci, jama'a. Yini ɗaya da rabi!

Ta Waca muka komo, inda rake ya fi ko'ina araha, damin da mutum biyu za su sha su gaji dala biyu. Shofer na ta shan abinsa yana ba ni labari, ni ko gaɓa ɗaya ban iya gamawa ba. Ran Lahadi da la'asar na shiga gida. Litinin da safe aka karɓe akwatin kayan aikina, aka ce in zauna sai an neme ni.

Haushin Mushe bai bar ni ba, amma na kaina ya fi ci na. Shi bai san aikin ba, bai kuma damu ya sani ba. Ni na sani tun bara, na faɗa sau ɗaya, da aka yi dariya na yi shiru don tsoron bakin aikina, alhali ƙasar da za a yi ginin tana nan ƙarƙashin ƙafata. Abin da tafiyar nan ta koya mini ke nan: duk ƙarfen da ke tsakanin ƙazanta da bakin mutane, ba a barinsa a fili ana jiran izinin wani.

Akwai sauran rijiyoyi uku da na kafa wa irin wannan kilafe, dukansu a fili suke. Na riga na yi magana da wani mai jaki da zai kai ni can. Ginin ƙasa ba ya bukatar akwatin kamfani.