Ta'aziyyar Kawu Mai Piyano, Da Daƙiƙa Ashirin Da Na Yanke

Ranar Talata, sha huɗu ga Maris, ina ɗakin tace fim na makaranta maiɗakinka ta kira ni ta ce ka cika da hantsi a asibiti. Wanda ya ba mu aronka ya karɓi abinsa, Kawu, mu ma muna tafe.

Duk ɗaliban sashenmu Kawu suke ce maka, alhali babu wanda kuka haɗa jini da shi. Ɗan situdiyonka na bayan shagon gyaran rediyo, wanda ka manne bangonsa da kwalayen ƙwai don kada ƙarar titi ta shigo, ya fi ajinmu koya mana aiki. Nan na kawo maka fim ɗina na kammala karatu, labarin tela da idonsa ya fara mutuwa, na roƙe ka ka saka masa kiɗa. Ka kalle ni ta saman tabarau ka ce wato yanzu har ni na zama darakta. Daga ranar sunan ya bi ni.

Ba ka taɓa piyano sai ka kalli fim sau uku babu sauti, kana ƙirga numfashin ɗan wasa da yatsa a kan tebur. A kan wannan numfashin kake ɗora kiɗa. Shi ya sa sharaɗinka ɗaya ne, in an kawo maka hoton fim kada a sake taɓa shi. Sau biyu ina karya sharaɗin, sau biyu kana sake aikin daga farko, kana tsokanata cewa almakashina ya fi na telan kaifi.

Na ukun ne yake ci mini rai. Malamin da ke duba aikina ya ce fim ɗin ya yi tsawo, in ban rage ba ba zai shiga gaban alƙalai ba, shekarata ta tafi ke nan. Na yanke daƙiƙa ashirin daga fitowar ƙarshe, inda telan yake fama da zare da allura, na turo maka. Kwana biyar shiru. Na kira ka raina a ɓace, na ce in ba za ka iya ba ka faɗa mini in nemi wani.

Ka ce, "Darakta, hannun hagun ne ya ƙi. Ki ƙara mini haƙuri."

Na ɗauka uzuri ne irin na masu sana'a, na kashe waya ko sannu ban yi maka ba. Ashe ciwon da zai yi ajalinka ne ya fara ta nan.

Da na je gaisuwa, maiɗakinka ta miƙo mini filashi ɗauke da kiɗan a cikin ambulan, ta ce kwana biyu ka yi a kansa kafin a kai ka asibiti, ta yi ta hana ka ka ƙi. Na ɗora shi a kan hoton, ya zauna daidai, ko daƙiƙa ɗaya bai zarce ba. Amma babu amon ƙasa mai kauri da hannun hagu ke bugawa ko kaɗan, siririn sauti ne kawai, domin da hannun dama kaɗai ka buga shi. Na yi kuka, kuma na ji kunyar kaina. Ran Litinin zan nuna fim ɗin, haka zai shiga, ban yarda kowa ya cike gurbin ba.

Allah ya jiƙanka, Kawu, ya haskaka makwancinka, ya sa ciwon ya zama kankarar zunubi. Ina yi wa maiɗakinka da 'ya'yanka mata biyu ta'aziyya, Allah ya ba su juriya. Ni kuwa ban samu na ce ka yafe mini ba. Ya Allah, ka sa ya riga ya yafe kafin ya tafi.