Ranar da na je ba wa manajan ƙanena haƙuri

Na daɗe ina rubuta wannan ina gogewa. Karatuna a firamare ya tsaya, kuma ina tsoron in sake tayar da abin da ya riga ya lafa. Amma ya ƙi barin zuciyata.

Shekarun baya ne. Ƙanena matuƙin jirgin sama ne a wani kamfani, shi kaɗai ya yi nisa da boko a gidanmu. Ni shinkafa nake nomawa a Bakura, ranar Talata in kai kasuwar Mafara. Wata rana ya kira mahaifiyarmu ina zaune kusa, ya ce kamfaninsu na gab da karyewa. Masu kamfani sun kawo sabuwar yarjejeniya: a rage albashin matuƙa a cire alawus, ko a rufe kowa ya tafi gida. Ƙungiyar matuƙa kuma ta ce kada wanda ya sa hannu shi kaɗai, sai an zauna gaba ɗaya an daidaita.

Ni abu ɗaya kunnena ya ɗauka: ƙanena ya ƙi bin maganar ubangidansa, za a kore shi. Kwana uku tuwo bai yi mini daɗi ba. A wurinmu in yaro ya saɓa da maigidansa, babba ke tashi ya je ya ba da haƙuri. Mahaifinmu ya rasu, babban nan ni ne.

Inna ta ce, "Ka dai hwaɗa mai kahin ka tahi."

Na ce, "Inna, hana ni zai yi. Yaran yanzu girman kai gare su."

Na ɗauki rabin buhun shinkafa, da kwalbar man shanu, da zabi biyu da abokina ya samo mini a Faru, na hau motar Abuja. Ni da zabin nan mun sha tsaki wajen fasinja.

Da na isa ofishin kamfanin, masu gadi sun yi ta dariya, amma da manaja ya ji ko ni yayan wane ne, ya ce a shigo da ni. Na durƙusa na ce, "Ranka ya daɗe, yaro ne, a yi mai haƙuri. Duk abin da kuka yanke, mu a gida mun amince." Ya tashe ni da hannunsa ya ce, "Malam, da kowa na da yaya irinka, da mun huta." Ya sa aka ɗauke mu hoto, zabi a gabanmu. Na fito ina jin na yi aikin babba.

A hanyar komawa gida, ban kai Gusau ba waya ta yi ƙara. Ƙanena ne, ko gaisuwa babu.

"Yaya, mi na yi maka?"

Ashe hoton ya zagaye wayoyin matuƙa, ana cewa ya tura 'yan gidansu su amince a ɓoye. Ya ce, "Tare muka yi alkawari da mutanen ga. Wanda zan zauna kusa da shi cikin jirgi gobe, maciyin amana yake ganina."

Na ce, "Wallahi gyara na je yi."

Ya ce, "Na sani, Yaya."

Da zagina ya yi, da ya fi mini sauƙi.

Sai da ya tsaya gaban taron ƙungiya ya yi bayani, wasu suka yarda, wasu suka kawar da kai. Daga baya aka daidaita, duka suka sa hannu tare, aka rage albashin na wani lokaci. Kamfanin bai rufe ba. Har yau ƙanena na tashi da jirgi, kuma bai taɓa sake ɗauko mini zancen ba.

Abin da na gane, akwai aikin da mutum ba shi kaɗai ke magana da ubangidansa ba, bakinsu ɗaya ne shi da abokan aikinsa. Ni na shiga tsakani ban tambayi kowa ba. Yanzu ko sulhun maƙwabta aka kira ni, sai na tambaya sau uku ko an aike ni.

Amma matar ƙanena ta gaya mini akwai amininsa ɗaya, wanda suka yi makarantar tuƙi tare, da har yau gaisuwa kawai ke haɗa su. Wannan ne ke ci na.

Don Allah masu sanin aikin ƙungiya, ku faɗa mini: in wanda ba ɗan ƙungiya ba ya rubuta takarda ya ce laifin nasa ne, ana karanta ta a taro? Ko ƙara ɓata masa zan yi? Wannan karon ba zan motsa ba sai na ji daga wanda ya sani, sannan in tambayi ƙanena.