Baba Mai Sifiri

Ƙarfe shida da rabi yake buɗe ɗakin ajiyar cibiyar binciken tsirrai, ya ɗauki littafinsa da firam ɗinsa na katako mai kusurwa huɗu, ya nufi daji. Sai ya juya baya, ya rufe ido, ya wurga firam ɗin ta kan kafaɗa. Inda ya faɗi, nan zai durƙusa ya ƙirga ƙananan bishiyoyin da suka tsiro a ciki. Idan ka tambaye shi dalilin rufe ido, sai ya ce, "Ido son kai gare shi, wurin kore kawai yake zaɓa." Idan kuwa ya tarar da ƙasa fayau, sifiri yake rubutawa. Shekara talatin da ɗaya yana haka, har muka laƙaba masa Baba Mai Sifiri.

Bara ne matsala ta taso. Rahoton cibiya ya ce daji yana farfaɗowa, har hukuma ta shirya ba masu katako izinin sara. Shi kuwa Baba, hannunsa ya gaji da rubuta sifiri a 'yan shekarun nan. Ya roƙi mai shigar da alƙaluma ta nuna masa kwamfuta. Ashe duk inda ya sa sifiri gurbi aka bari, an ɗauka bai je wurin ba. Na'ura kuma ta fitar da matsakaici daga wuraren da ke da tsiro kaɗai.

Kwana uku abinci ya ƙi shiga. A firamare karatunsa ya tsaya, rahoton kuma da sunan Farfesa, shugaban cibiyar, ya fita. Matarsa ta ce, "Malam, saura shekara ɗaya ka huta. Don Allah ka rufa mana asiri, kada a kore ka." Sau biyu yana zuwa ƙofar ofishin Farfesa yana juyawa. A na uku ya ƙwanƙwasa, ya shiga da littafinsa.

"Ranka ya daɗe, an zubar mini da sifirina."

Farfesa ya ɗaure fuska, amma ya sake lissafin. Cikin kowane firam goma, bakwai babu komai. Ya cire tabarau. "Innalillahi! Baba, jibi fa za a sa hannu a izinin saran." Ranar aka janye rahoton.

Kai ne ka ji tsoro, Baba, kuma ka shiga da tsoron naka. Kai ne ka ƙirga abin da babu, ka hana a shafe shi. Mun gode, Allah ya saka da alheri.

Ranar Juma'a zai rataye firam ɗinsa ya yi ritaya, kuma wallahi ni ne yanzu nake jin tsoro. Ku da za ku ɗauka bayansa, ku rufe ido kafin ku jefa. Idan kun tarar da ƙasa fayau, ku rubuta sifiri.